Babi na Huɗu: Kukan Daɗi

Shin Allah yana da lokacin sauraron mutumin da babbar damuwarsa a yau ita ce tela bai gama ɗinkin ankonsa ba? Masu bi da yawa suna ɗauke da wannan tambaya a zuci, ko da ba su taɓa furta ta ba. Ga uwargida a wata unguwar masu hali a Abuja, ranta a ɓace tun asuba, domin na'urar sanyaya ɗaki ta sa ta mura, remot kuma ya shige inda ba wanda ya sani. Ga magidanci a Jos yana ta faɗa shi kaɗai a falo, hadari ya taso, hoton talabijin ya ɗauke ana saura minti goma a tashi wasan ƙwallo. Ga budurwa tana ƙunci wai wayarta ta cika da hotunan biki, babu wurin ɗaukar wani. Ga wanda firij ɗinsa ya cika maƙil, ya buɗe ya rufe har sau uku, ya ce shi bai ga abin ci ba. Duk wanda ya ji irin waɗannan sai ya yi dariya, su kansu masu ƙorafin in an maimaita musu maganarsu bayan kwana biyu dariyar za su yi. Hausawa sun daɗe da raɗa wa wannan hali suna, suka ce kukan daɗi.

Dariyar tana da wurinta, babu laifi a cikinta. Sai dai ba ta amsa tambayar ba. Ɓacin ran uwargidan nan na gaske ne a lokacin da take jin sa, kuma 'yar aikinta ce za ta sha shi kafin azahar. Abin da nake so in nuna a wannan babi shi ne, ƙananan ƙorafe-ƙorafen mai wadata suna tona inda zuciyarsa ta jingina, kuma ta'aziyyar da bangaskiyar Kirista take magana a kai tana ɗaukar su da muhimmanci ba tare da ta shagwaɓa mai su ba.

Sunan da duniya ta ba shi

Masu jin Turanci suna kiran irin wannan kuka matsalolin ƙasashen da suka ci gaba, kuma tun da aka fara hira a kafafen sada zumunta mutane suke jera nasu don raha: igiyar caja ba ta kai bakin gado ba, gida ya yi girma har intanet ba ya kaiwa wani ɗaki. A shekarar 2012 wata ƙungiyar samar da ruwan sha ta Amurka ta ɗauki irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, ta sa talakawan ƙasar Haiti, manya da yara, suna karanta su a gaban kyamara, a ƙasar da girgizar ƙasa ta ragargaza a 2010. Wanda ya kalli bidiyon ba ya iya ci gaba da dariya.

Amma sunan Turancin yana da gyara, domin halin ba na wata ƙasa ba ne. Yana Maitama da Asokoro, yana Nasarawa a Kano, yana Rayfield a Jos, yana kuma gidan duk wanda ya ɗan sami sarari a Yamai ko Kumasi. A Najeriya ma abin ya fi fitowa fili, domin katanga ɗaya ce ke raba mai kukan batirin sola da mai kukan abin da yara za su ci da dare. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki da dama: abinci, lafiya, makaranta, ruwa, makamashin girki. A irin wannan ƙasa mai kukan daɗi ba ya bukatar bidiyo daga Haiti. Maigadinsa ya ishe shi.

Me ya sa ƙoshi ba ya kashe mita?

Hankali yana cewa in bukata ta biya, ƙorafi ya ƙare. Abin da aka gani a rayuwa ya saɓa wa haka, masu binciken halayyar ɗan'adam kuma sun auna shi. A 1978 Philip Brickman da abokan aikinsa biyu suka wallafa binciken da suka yi a jihar Ilinoi ta Amurka kan mutum 22 da suka ci manyan kuɗin caca. Sun tarar farin cikinsu bai yi wani nisa da na maƙwabtansu da ba su ci komai ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, ƙananan abubuwan yau da kullum, irin su karin kumallo da hira da aboki, sun rage yi musu daɗi. Mutanen ba su da yawa, saboda haka ba a gina gini mai tsawo a kan wannan bincike shi kaɗai, amma abin da ya nuna kowa ya san shi a jikinsa. Ranar da aka fara kunna fanka a ɗakin da bai taɓa samun lantarki ba, ranar murna ce. Bayan wata shida babu mai lura da fankar sai ranar da ta tsaya. Sabo yana mayar da kyauta ta zama haƙƙi, haƙƙi kuwa ba a gode masa, sai dai a yi fushi in an rasa shi.

Akwai wani gwaji da ya ƙara haske. A 2018 David Levari da wasu masana a Jami'ar Harvard suka riƙa nuna wa mutane ɗigo-ɗigo masu launi a kwamfuta, daga shuɗi sosai zuwa shunayya, suna tambayar su wanne ne shuɗi. Da suka rage yawan shuɗayen sannu a hankali, sai mutanen suka fara kiran ɗigon shunayya shuɗi. Suka maimaita da hotunan fuskoki: da fuskoki masu ban tsoro suka yi ƙaranci, sai aka fara ganin barazana a fuskokin da a da aka ce lafiya lau suke. Ma'ana, idon da ya saba neman matsala ba ya hutawa don matsaloli sun ragu. Mudunsa yake ragewa, ya ci gaba da awo. Wanda ya huta da tunanin kuɗin makaranta da kuɗin asibiti, kunnensa zai fara jin ƙarar ƙofar mota da ba ta rufu daidai ba.

Littafi Mai Tsarki ya riga masanan nan ganin haka. A sura ta 11 ta Littafin Ƙidaya, Isra'ilawa suna jeji, an fisshe su daga bauta, abinci yana sauko musu kowace safiya ba noma ba ciniki. Manna ce, suna niƙa ta, su dafa, su yi waina da ita. Sai suka zauna a ƙofar alfarwansu suna kuka, gida-gida. Abin da suke kewa shi ne kifin Masar da kokwamba da kankana da albasa da tafarnuwa, har suna cewa a can kyauta suke cin kifin. Sun manta da bulala da tubali da jariransu maza da aka jefa a kogi. Babu yunwa a sansanin. Kayan miya ake wa kuka, wurin kuma ya tashi da suna mai nauyi, kaburburan kwaɗayi.

Abin da ke kwance a ƙarƙashin kukan

Da a ce kukan daɗi iyakarsa sabo ne kawai, da sai a bar shi ga masu raha. Abin da ya sa ba za a bar shi ba shi ne, girman fushin yakan fi girman abin da ya jawo shi nesa ba kusa ba, wannan rata kuwa tana da abin da take faɗa. Mutum ba ya zagin direbansa saboda minti goma. Yana zaginsa saboda wani abu a cikinsa ya ɗauka cewa duniya ta yi masa alkawarin tafiya yadda ya tsara, kuɗinsa kuma shi ne shaidar alkawarin. Wadata tana sayen sauƙi, sauƙi kuma in ya daɗe sai ya koya wa zuciya cewa ita ke riƙe da linzami. Remot ɗin da ya ɓace ƙaramin abu ne, amma saƙon da ya kawo babba ne: ba kai ke riƙe da komai ba. Wannan saƙon ne ake wa fushi.

Sarki Ahab misali ne da ya kamata ya hana mai hali barci. Mutum ne da ya gina gida da hauren giwa, yana mulkin Isra'ila, yana da fada a Yezreyel. Ya ga gonar inabin Nabot kusa da fadar, ya so ya mayar da ita lambun kayan miya. Nabot ya ƙi sayarwa domin gadon kakanninsa ce. Sarki ya koma gida, ya kwanta a gado, ya juya fuska, ya ƙi cin abinci. In aka tsaya nan, labari ne na dariya, babban mutum yana shagwaɓa kamar ɗan yaye. Amma matarsa Yezebel ta shigo, ta rubuta wasiƙu da hatimin sarki, aka samo shaidun zur, aka jejjefi Nabot har ya mutu. Haka ma Haman a Littafin Esta. Ya tara matarsa da abokansa ya lissafa musu dukiyarsa da yawan 'ya'yansa da girman da sarki ya ba shi, har da cewa shi kaɗai sarauniya ta gayyata liyafa tare da sarki, sannan ya ce duk wannan bai daɗa shi da komai ba muddin yana ganin Mordekai zaune a ƙofar fada bai tashi masa ba. Gaisuwar mutum ɗaya ce ta ɓata masa girmansa a masarauta mai larduna 127, daga nan kuma ya kafa gungumen rataya mai tsawon kamu hamsin. Kukan daɗi a bakin mai iko ba ya tsayawa a bakinsa. Wani ne a ƙasa yake biyan kuɗinsa, ko da albashin da aka yanke, ko da aikin da aka kore shi, ko da mutuncin da aka zubar masa a gaban baƙi.

Dubi na ƙasa da kai

Maganin da aka fi bayarwa, a gida da kan bagadi, shi ne a ce wa mai ƙorafi ya dubi waɗanda ba su kai shi ba. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya je sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri ko Binuwai, ko ya zauna da iyayen da aka sace 'ya'yansu 276 daga makarantar Chibok a watan Afrilu na 2014, zai ji nauyin buɗe baki kan tela. Kunya irin wannan alama ce ta lafiyar zuciya, wanda ya rasa ta shi ne abin tausayi.

Duk da haka maganin ba ya kai tushen ciwon, saboda dalilai da suke a fili in aka duba. Aikinsa ba ya daɗewa. Kunyar takan yi kwana biyu, ranar Laraba mitar ta dawo. Yana kuma mayar da wahalar talaka ta zama kayan aikin mai kuɗi, kamar dai an halicci gwauruwar da ke talla a bakin titi don ta tuna wa mai mota cewa ya ci sa'a. Yesu ya ba da misalin Bafarisiyen da ya shiga Haikali yana gode wa Allah domin shi ba kamar sauran mutane ba ne, ya kuma ce mutumin bai koma gida baratacce ba. Godiyar da sai ta taka wani take tsayawa, ba ta yi nisa da tasa ba. Sannan ma'aunin da ya kwantar maka da hankali da safe don ka fi wane, shi ne zai tayar maka da shi da yamma in wane ya wuce da motar da ta fi taka, domin gaba da gabanta. Abu mafi muni kuma, wannan magani yana koya wa mai bi ya ɓoye wa Allah abin da ke ransa. Yana shiga addu'a da manyan maganganu, ya roƙa wa ƙasa salama, ya roƙa wa ikilisiya farkawa, ya bar ainihin abin da ya hana shi barci a bakin ƙofa domin yana ganin bai isa a ambata ba. Da ya ce amin sai ya ɗauki kayansa ya ci gaba da tafiya da su.

Sura ta 11 ɗin nan ta Littafin Ƙidaya tana da ƙorafi biyu, ba ɗaya ba. Jama'a sun yi nasu a tsakaninsu, a ƙofar alfarwa. Musa ma ya yi nasa, da kalmomi masu zafi ƙwarai, har ya ce in haka za a ci gaba gara a kashe shi. Sai dai shi Allah ya fuskanta ya faɗa wa. Amsar da ya samu ita ce dattawa saba'in da za su taya shi ɗaukar kayan. Bambancin gunaguni da addu'a ba a zafin magana yake ba, ba kuma a girman dalili ba. Yana wajen wanda aka juya wa fuska.

Yadda Allah yake bi da ƙaramin kuka

Alama ta farko da Yesu ya yi a Bisharar Yohanna ba a gadon mai mutuwa aka yi ta ba. A gidan biki ne a Kana ta Galili, ruwan inabi ya ƙare. Babu ran da ke cikin haɗari. Abin da ke cikin haɗari shi ne mutuncin ango da danginsa, irin kunyar da duk wanda ya taɓa aurar da ɗa ya sani, a ce abinci ya ƙare baƙi suna zaune. Yesu ya sa aka cika randuna shida na dutse da ruwa, kowace tana cin wajen lita tamanin zuwa ɗari da ashirin, ya mayar da shi ruwan inabi da ya fi na farko. A zamanin Elisha kuma, wani almajirin annabawa yana sarar itace a bakin Urdun, ruwan gatarinsa ya faɗa kogi, ya yi kururuwa domin na aro ne. Annabi bai ce masa ya ji kunya ba, ya sa ƙarfen ya taso. Da Yesu yake koya wa almajiransa game da kulawar Uba, kasuwar tsuntsaye ya kai su. A Bisharar Matiyu ana sayar da gwara biyu a kan ɗan ƙaramin tsabar kuɗi ɗaya, a Bisharar Luka kuma biyar a kan biyu. Duk wanda ya san kasuwa ya ga abin da ya faru: ta biyar ɗin gyara ce, ba a ma sa mata farashi ba. Ita ma Allah bai manta da ita ba. Wanda yake lura da gyara ba zai ce batun tela ya yi masa ƙanƙanta ba.

Amma sauraro daban, biye wa mutum daban, kuma babu inda wannan ya fito sarai kamar a sura ta ƙarshe ta Littafin Yunana. Annabin ya yi wa'azi a Nineba, birnin ya tuba, Allah ya ɗage hukunci, shi kuwa ya fusata. Ya fita gabashin birni ya kafa bukka ya zauna. Allah ya sa wani tsiro ya fito ya yi masa inuwa, Yunana ya yi murna ƙwarai. A duk littafin nan ne kaɗai aka ce ya yi farin ciki, kuma saboda inuwa ne. Da asuba tsutsa ta ci tsiron ya bushe, iskar gabas mai zafi ta taso, rana ta buga masa kai, ya ce gara ya mutu. Masana har yau ba su daidaita kan ko zurma ce ko duma ba, kuma tun da daɗewa ake wannan gardama. Agustin, malamin ikilisiya, ya rubuta wa Jerom, mai fassarar Littafi Mai Tsarki, wasiƙa wajen shekara ta 403 yana ba shi labarin hayaniyar da ta tashi a wata ikilisiya a Oya, inda Tarabulus ta Libiya take a yau, domin sabuwar fassarar Jerom ta sauya sunan tsiron da jama'a suka saba ji, har bishop ya kusa rasa mutanensa. Ashe masu karanta labarin ma tsiron ya kama su.

Abin lura shi ne yadda Allah ya bi da bawansa. Shi ya ba da inuwar, don ya rage masa wahala. Bai raina zafin ranar da ke dukansa ba. Shi kuma ya aiko tsutsar. Bai kira Yunana sakarai ba, bai kuma mayar masa da tsiron ba. Tambaya ya yi masa, ko daidai ne ya yi fushi haka. Sannan ya kama tausayin da Yunana ya ji wa tsiron da bai shuka ba, bai yi masa ban ruwa ba, ya faɗaɗa shi har ya kai birnin da ke da mutum fiye da dubu ɗari da ashirin da dabbobi masu yawa. Da wannan tambaya littafin ya rufe, ba a gaya mana amsar Yunana ba. Allah bai kashe ƙaramin baƙin cikin ba, ya yi amfani da shi a matsayin ƙofa. Haka Yesu ya yi wa Marta a Betanya sa'ad da ta zo tana ƙorafin an bar mata aikin girki ita kaɗai. Ya kira sunanta sau biyu, yadda ake kiran wanda ake ƙauna, ya faɗa mata sunan ciwonta, wato damuwa da abubuwa barkatai, sannan ya nuna mata abu guda da ya wajaba.

Ta'aziyya da jin daɗi

A nan harshen Hausa yana taimakon mai karatu ƙwarai. Kalmar ta'aziyya, wadda masu bi suke ji a karatun Littafi Mai Tsarki da wa'azi, a bakin jama'a ta gidan rasuwa ce. Kowa ya san yadda ake yin ta. Ana zuwa, a tuɓe takalmi, a zauna a tabarma, a tambayi mai makoki ya haƙuri. Mai ta'aziyya ba ya dawo da mamaci, ba ya kuma gyara komai. Abin da ya kawo shi ne kansa. Kalmar Girkancin da Bulus ya yi amfani da ita ma tushenta ke nan, a kira wani ya zo ya tsaya kusa da kai. A farkon wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa ya maimaita ta sau goma a cikin ayoyi biyar, kuma daga tushe ɗaya ne sunan da Yesu ya ba Ruhu Mai Tsarki ya fito, wanda muke kira Mai Taimako.

Jin daɗi kuwa kawar da abin da ke takura jiki ne, kuma ana sayensa: katifa mai kyau, mota mai sanyi, janareta mai tashi da kansa. Babu zunubi a cikinsu, kyauta ce, a karɓa da godiya. Matsalar tana farawa ne ranar da zuciya ta nemi katifa ta yi mata aikin da sai Mai Taimako zai iya. Wa'azin da ke cewa alamar yardar Allah ita ce rayuwa ba takura, wanda ya yaɗu a biranenmu, yana ƙara wa wannan ruɗu taki, domin yana mayar da kowace ƙaramar tangarɗa ta zama ko dai harin magabci ko shaidar cewa Allah ya juya baya. Mutumin da ya rubuta maganar ta'aziyya sau goma bai san irin wannan rayuwa ba. A wasiƙar nan ya ce wahalar da ta same su a Asiya ta kai har sun fid da rai, ya kuma lissafa cewa sau biyar aka yi masa bulala talatin da tara, sau uku aka duke shi da sanduna, sau ɗaya aka jejjefe shi, sau uku jirgi ya farfashe da shi. Daga kurkuku kuma ya gaya wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da yunwa, ya kuma koyi zama da ƙoshi. Mutane sukan tsallake rabin na biyu. Ƙoshi ma sai an koye shi, kuma waɗanda suka iya shi ba su da yawa.

Katekismar Haidelbag, wadda aka wallafa a Jamus a 1563, ta fara ne da tambayar mai bi game da ta'aziyyarsa guda ɗaya tak, a rayuwa da a mutuwa. Amsar da ta koyar ba ta ambaci lafiya ko dukiya ba. Ta ce mai bi ba mallakar kansa ba ne, na Almasihu ne. Wannan ya bugi tushen kukan daɗi daidai. In fushin da ake yi wa remot fushi ne na wanda ya gano ba shi ke riƙe da linzami ba, to maganinsa shi ne ya san wanda ke riƙe da shi, ya kuma yarda cewa hannun nan ya fi nasa aminci. Mai gida yana kwana da tunanin rufin da ke yoyo. Ɗa a gidan ubansa yana barci.

Ba maganin barci ba ne?

Mai hankali zai iya cewa wannan duk hanya ce ta kwantar wa masu kuɗi da hankali. Karl Marx, a rubutunsa na 1844, ya kwatanta addini da ƙwayar da ke kashe zafin ciwo ta bar ciwon yana ci. Ba za a yi watsi da zargin ba, domin an sha ganin mai hali ya fito daga sujada da zuciya wasai, ya wuce mabarata a ƙofar majami'a, ya je gida ya ci gaba da riƙe albashin 'yar aikinsa. In ta'aziyyar da ya samu iyakarta ke nan, Marx ya yi gaskiya a kansa.

Sai dai Bulus bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. A wurin da ya yi maganar ta'aziyya ya faɗi dalilinta, cewa Allah yana ta'azantar da mu ne domin mu iya ta'azantar da waɗanda ke cikin kowace irin wahala da abin da muka karɓa. Ruwa ne da aka zuba a kwata don ya kai gona, in ya tsaya sai ya yi wari. Kuma bai bar maganar a iska ba. A sura ta 8 da ta 9 na wasiƙar ya koma batun kuɗi tsagwaronsa, gudummawar da ake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima, ya sa ikilisiyoyin Makidoniya, waɗanda su kansu talakawa ne ƙwarai, a gaban Korantiyawa masu hali don su ga yadda ake bayarwa. Saboda haka akwai ma'aunin da ba ya ƙarya. Uwargidan da ta kai wa Allah ɓacin ranta kan tela, ta faɗa masa yadda yake ba ado, ta bari ya tambaye ta irin tambayar da ya yi wa Yunana, za a ga alamar a muryar da za ta yi wa telan magana, da kuma ko ta tuna cewa shi ma kwana uku ke nan ba wuta a shagonsa, kuɗin man janareta kuma ya ninka tun da aka cire tallafi a 2023. Wataƙila ta yi dariyar kanta ma a ƙarshe, dariya ta wanda aka sauke wa kaya.

Duk wannan game da tsiron da ya bushe ne da gatarin aro. Akwai ranar da abin da aka rasa ba inuwa ba ce, ɗa ne, ko miji, ko ƙauye guda da aka ƙone cikin dare. A ranar nan tambayar takan juya: ba a tambayar ko kukan ya isa a kai wa Allah, ana tambayar ko Allah yana nan. Wajen kashi ɗaya cikin uku na Zabura 150 waƙoƙin makoki ne, Ayuba kuma ya zauna cikin toka kwana bakwai abokansa ba su ce uffan ba. Babi na gaba zai zauna tare da su a wannan tabarma.